Bonanza: Su wane ne 'yan gidan Cartwright, kuma me ya watsa gandunsu?

A yau idan aka ambaci kalmar "bonanza" a Babbar Kasuwar Katsina ko a tallar wani kamfanin waya, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne garaɓasa: an karya farashi, ko an ɗora kyauta a kan kaya.

Amma ga dattawan da suka yi ƙuruciya a shekarun 1960 da 1970, musamman waɗanda karatu ko aikin gwamnati ya kai su Kaduna, Zariya ko Kano, sunan wani shirin kaboyi ne na talabijin, mai uba ɗaya da 'ya'ya uku a kan dawakai.

Kalmar daga Sifaniyanci ta fito, kuma masu haƙar ma'adinai a Amurka suna kiran jijiyar azurfa ko zinare mai yawan albarka da ita.

Tashar NBC ta fara nuna shirin ranar 12 ga Satumbar 1959, makonni bakwai kafin a buɗe tashar talabijin ta farko a Najeriya, wato WNTV ta Ibadan, ranar 31 ga Oktoba. Ta Kaduna ta biyo baya a 1962. Kamar sauran tashoshin ƙasashe masu tasowa, na Najeriya sun riƙa cike sa'o'insu da shirye-shiryen da aka sayo daga Amurka da Ingila, kuma Bonanza yana cikin waɗanda suka fi zama a zukatan masu kallo.

Shirin ya yi zango 14 da fitowa sama da 430, ya ƙare ranar 16 ga Janairun 1973. A cikin shirye-shiryen kaboyi na manyan tashoshin talabijin na Amurka, Gunsmoke ne kaɗai ya fi shi daɗewa.

Ana yawan tuna shi da bindiga da sukuwa. Sai dai wanda ya duba shi da idon Bakatsine zai ga cewa ƙashin bayansa wani abu ne da aka sani a gida: gandu.

Gandun Ponderosa

An gina labarin a shekarun 1860, a yankin Nevada da ke yammacin Amurka, kusa da Tafkin Tahoe da garin Virginia City, inda aka gano makekiyar jijiyar azurfa a 1859.

Ben Cartwright tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne da ya yi ƙaura zuwa yamma ya kafa gandun kiwo da katako mai suna Ponderosa, sunan wani dogon itace na yankin. A yadda shirin ya faɗa tun farko, faɗin gandun ya kai murabba'in mil 1,000, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na Jihar Katsina gaba ɗayanta.

Ya auri mata uku ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta haifa masa ɗa namiji guda sannan ta rasu. Don haka Adam da Hoss da Little Joe 'yan uba ne, kowa da uwarsa, kowa da halinsa, amma tukunyarsu ɗaya, aikinsu ɗaya, kuma maganar ƙarshe ta uba ce.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. A 1967 masaniyar nan 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa da ke kudu da birnin Katsina tana nazarin tattalin arzikin manoma, ta fitar da littafinta Rural Hausa a 1972. Ta bayyana gandu a matsayin yarjejeniya tsakanin uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure: su yi masa noma, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya ɗauki nauyin aurensu, ya yanka wa kowa gayauna.

Ta kuma lura cewa da wuya gandu ya daɗe a hannun 'yan uwa bayan uba ya kwanta dama. Duk ɗan kasuwar da ya ga yadda shagunan gidan wani attajiri suka rarrabu bayan sadakar arba'in ya san wannan ba sai an karanta masa littafi ba.

Mawallafin shirin, David Dortort, ya yi haka ne da gangan. A lokacin, yawancin wasannin barkwanci na talabijin a Amurka suna nuna uba a matsayin wawan gida da mata da yara ke juyawa. Shi kuma ya so ya nuna uban da ake jin maganarsa.

Ben: Muryar da ta saba karanta labarin yaƙi

Wanda ya fito a matsayin Ben shi ne Lorne Greene, kuma ba Ba'amurke ba ne. An haife shi a Ottawa ta Kanada a 1915, iyayensa Yahudawa ne da suka yi hijira daga daular Rasha.

Kafin ya shiga wasan kwaikwayo, shi ne babban mai karanta labarai a gidan rediyon gwamnatin Kanada lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Saboda kaurin muryarsa da munanan labaran da yake karantawa, har laƙabi aka yi masa da ke nufin muryar halaka. Da wannan murya ya riƙa tsawata wa 'ya'yansa a Ponderosa.

Abin mamaki shi ne shekara 13 kacal ya ba waɗanda suka fito a matsayin manyan 'ya'yansa biyu, domin dukkansu a 1928 aka haife su. Furfura da murya ne suka cike giɓin.

A fitowar farko-farko an nuna Ben a matsayin mai zafin rai, mai tarbar duk wanda ya taka masa ƙasa da bakin bindiga. Greene ya nuna bai gamsu da hakan ba, aka sassauta halin. Daga nan Ben ya koma irin dattijon da Hausawa ke cewa babba juji ne: mai sauraron ƙara, mai raba faɗa, mai karɓar baƙo.

Bayan Bonanza, Greene ya fito a shirin Roots na 1977 a matsayin John Reynolds, ubangidan farko da ya sayi Kunta Kinte. Ya rasu ranar 11 ga Satumbar 1987, kwana 12 kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina.

Adam: Babban ɗan da ya bar gida

Adam shi ne ɗan fari, ɗan bokon gidan. Mahaifiyarsa Elizabeth 'yar wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ce daga gabashin Amurka, ta rasu a wajen haihuwarsa. Ya yi karatun zanen gine-gine, shi ya tsara gidan da suke ciki, kuma an fi saninsa da baƙaƙen kaya da ƙarancin dariya.

Pernell Roberts, wanda ya taka wannan rawa, haifaffen Jihar Jojiya ne da ya goge a wasan daɓe, har da wasannin Shakespeare. Tun da wuri ya fara ƙorafi a fili. Yana ganin rubutun shirin ba shi da zurfi, kuma abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yadda namiji mai shekara 30 da ɗoriya zai riƙa neman izinin uba kafin ya yi komai.

Ya kuma matsa wa tashar lamba ta daina shafa wa Turawa fenti suna fitowa a matsayin 'yan asalin ƙasar ko wasu ƙabilu. A 1965 yana cikin waɗanda suka yi tattakin neman 'yancin baƙar fata daga Selma zuwa Montgomery.

A wannan shekarar ce kwantiraginsa ya ƙare, ya ƙi sabuntawa, alhali shirin yana kan gaba a duk Amurka. A cikin labarin, sai aka ce Adam ya yi tafiya, ana ambatonsa jefi-jefi, daga baya aka yi shiru.

Masu kallon wasan Hausa za su fahimci tsoronsa. Mutane ƙalilan ne ke kiran Usman Baba Pategi da sunansa, Samanja kowa ya sani. Haka Umaru Ɗanjuma Katsina, marubucin Kulɓa Na Ɓarna, ya koma Kasagi, Rabilu Musa ya koma Ibro. Suna na wasa yakan haɗiye na yanka, kuma Roberts bai so ya mutu yana Adam ba.

Ya biya kuɗin wannan mataki. Ya yi shekara 14 yana ƙananan fitowa kafin ya sake samun babban shiri nasa, Trapper John, M.D., daga 1979 zuwa 1986. Shi ne na ƙarshe da ya rasu a cikin huɗun, a Janairun 2010.

Hoss: Ƙaton da ya riƙe tsakiyar gida

Ɗa na biyu sunansa na yanka Eric, amma Hoss aka sani. Mahaifiyarsa Inger 'yar asalin Siwidin ce, kibiya ta kashe ta a wani hari da aka kai wa ayarinsu a hanyar yamma yana jariri.

Hoss ƙato ne mai doguwar farar malafa, mai cin abinci kamar gara, mai tausayin dabba da maraya da duk wanda gari ya tsangwama. Ana yawan damfararsa saboda saurin yarda, amma shi ne ke shiga tsakani idan wa mai taurin kai da ƙane mai zafin kai suka yi karo.

Wanda ya ga Dan Blocker a wannan matsayi zai ɗauka bai yi nisa a makaranta ba. Gaskiyar ita ce yana da digiri na biyu a fannin wasan kwaikwayo, ya yi aikin soja a Yaƙin Koriya, kuma malamin makaranta ne da ya koyar a Texas da New Mexico kafin ya koma Kalifoniya. Tsawonsa ya haura mita 1.9, nauyinsa kusan kilo 136.

Yana kuma da idon kasuwa. Tun a 1963 ya shiga harkar gidajen gasa nama masu ɗauke da sunan Bonanza, waɗanda suka bazu a faɗin Amurka.

A watan Mayun 1972, bayan an yi masa tiyatar cire matsarmama, gudan jini ya toshe masa jijiyar huhu, ya rasu yana da shekara 43. Masu shirin ba su nemi wani ya maye gurbinsa ba. Sun sanar a cikin labarin cewa Hoss ya mutu, abin da ba a saba yi ba a talabijin na wancan zamani.

Little Joe: Autan da ya koyi sana'ar

Joseph, wato Little Joe, shi ne auta. Mahaifiyarsa Marie 'yar New Orleans ce mai jinin Faransawa, ta rasu sanadin faɗowa daga doki. Bahago ne, mai saurin fushi da saurin faɗawa soyayya, kuma ana gane shi daga nesa da dokinsa mai dabbare-dabbaren fari da baƙi, Cochise.

Michael Landon, wanda aka haifa a 1936 da sunan Eugene Orowitz, gwanin jifan mashi ne a sakandare, har ya samu gurbin karatu kyauta a jami'a da wannan baiwa. Rauni a hannu ya raba shi da wasan, ya koma fim, ya tsinci sabon sunansa a littafin lambobin waya. Yana da shekara 22 aka ɗauke shi a Bonanza.

Bambancinsa da Roberts a nan yake. Shi ma yana da ƙorafi a kan rubutun, amma maimakon ya fita, sai ya zauna ya koyi aikin. A 1962 aka fara amfani da labarin da ya sa hannu a rubutunsa, daga baya ya fara ba da umarni. Kamar yaron shago ne da ya yi haƙuri har ya san inda ake saro kaya da yadda ake rubuta bashi.

Da Bonanza ya tsaya, shekara guda kawai ya yi ya fito da nasa shirin, Little House on the Prairie, a 1974, inda a wannan karon shi ne uba. Ciwon daji ya yi ajalinsa ranar 1 ga Yulin 1991 yana da shekara 54.

Hop Sing: Wanda ba ya cikin masu hawa

Akwai mutum na biyar a gidan, kuku Hop Sing ɗan ƙasar Sin, mai yawan faɗa da barazanar ajiye aiki. An riƙa sa shi yana magana da gurɓataccen Turanci don a yi dariya.

Victor Sen Yung da ya taka rawar haifaffen San Francisco ne, ya kammala Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Turancinsa garau. Ya fito sau fiye da 100 a shirin, amma ba ya cikin waɗanda ake nunawa a kan doki a farkon kowace fitowa.

A 1972 harsashi ya same shi a baya lokacin da jami'an tsaro suka yi musayar wuta da masu fashin jirgin saman da yake ciki. Ya rayu, ya wallafa littafin girke-girke a 1974, amma a 1980 aka tsinci gawarsa a gidansa, iskar gas ta kashe shi. Pernell Roberts, ɗan da ya bar gida, shi ne ya yi jawabin ta'aziyya kuma ya ɗauki nauyin jana'izar.

Kasuwancin da ke bayan labule

Shirin bai fara da ƙafar dama ba. A zangon farko ana nuna shi ranar Asabar, kuma masu kallo sun fi karkata ga Perry Mason. Abin da ya cece shi shi ne an ɗauke shi da launi, kuma kamfanin RCA da ya mallaki NBC yana neman sayar da akwatunan talabijin masu launi. Duwatsu da shuɗin ruwan Tahoe talla ce.

A nan gida baƙi da fari aka fara ganinsa, domin sai a tsakiyar shekarun 1970 talabijin mai launi ya fara aiki a Najeriya, daga Jos.

A 1961 aka mayar da shi daren Lahadi da tallafin kamfanin motoci na Chevrolet, kuma daga 1964 zuwa 1967 babu shirin da ya kai shi yawan masu kallo a Amurka.

Wanda ya lura zai ga kowane ɗan gidan kaya iri ɗaya yake sawa kullum. Tsimi ne: ana iya ɗauko hoton sukuwa na bara a liƙa a labarin bana ba tare da an gane ba. Haka kuma ana juya jerin sunayen taurarin huɗu daga mako zuwa mako, don kada wani ya ce an fifita ɗan uwansa a kansa. Ko a wajen masu shirin, an san cewa gida mai 'yan uba sai da adalci.

Abin da labarin ya kauce wa

Zaman lafiyar Ponderosa yana da sirri, kuma sirrin yana hannun marubuta. Abubuwa uku ne ke gwada ƙarfin kowane gandu: iyaye mata, auren 'ya'ya, da rabon gado. Marubutan sun kawar da dukkansu.

Uwayen uku sun mutu kafin a fara, don haka babu ɗakin da za a shiga a zuga ɗa. Duk macen da ɗaya daga cikinsu ya so, ko ta mutu ko ta bar gari. An yi wa Adam baiko da wata bazawara mai suna Laura a 1964, aka ƙare da aurar da ita ga ɗan baffansa Will. Little Joe ya auri Alice a farkon zangon ƙarshe, aka kashe ta kafin labarin ya kai ko'ina. Uban kuwa bai taɓa tsufan da zai miƙa ragama ba.

Batun ƙasa ma haka. Gefen Tafkin Tahoe na ƙabilar Washoe ne tun fil azal, kuma a 1860 an gwabza yaƙi da ƙabilar Paiute a yankin. Waɗannan su ne mutanen da 'yan sinima a ƙasar Hausa ke kira Indiyawan daji. Shirin yakan nuna musu tausayi, amma bai cika tambayar yadda mutum ɗaya ya mallaki wannan makeken fili ba.

Duk da haka ya yi ƙarfin hali a wasu wurare. A 1964 ya nuna labarin wani mawaƙi baƙar fata, Thomas Bowers, da ake wulaƙantawa saboda launinsa, har wasu tashoshin kudancin Amurka suka ƙi sa wannan fitowar.

Haka kuma, ko da yake 'yan gidan huɗu duk gwanayen harbi ne, sau da yawa ƙarshen labari shi ne su miƙa mai laifi ga Roy Coffee, tsohon jami'in doka na Virginia City da Ray Teal ya fito a matsayinsa, ko su tsaya a ƙofar kurkuku su hana gungun mutane ɗaukar doka a hannu.

Wannan sashe ne da yawa daga masu sha'awar kaboyi suka tsallake. A 1966 mai shirya fim ɗan Nijar, Moustapha Alassane, ya fitar da Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga ƙasar waje da akwati cike da malafa da takalma da bindigogin kaboyi, ya raba wa abokansa, suka zama annoba ga ƙauyensu. A jihar da ta ga abin da satar shanu da bindiga suka yi wa ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, daga Batsari zuwa Safana da Ɗanmusa, wannan gargaɗi ba ya buƙatar dogon sharhi.

Doki ba sabon abu ba ne ga Bakatsine. Garin da Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan folo, Sarki Usman Nagogo ya yi fice a cikinsa, kuma ake hawan Sallah a Ƙofar Soro, ba ya jiran Amurka ta koya masa zaman sirdi. Abin da ya cancanci a duba a Ponderosa shi ne wanda ke riƙe da linzamin masu bindigar.

Yadda gandun ya watse

Abin da marubuta suka hana faruwa a gaban kyamara, rayuwa ta aiwatar da shi a bayanta.

Fitar Roberts ba ta girgiza gidan ba. An kawo David Canary a 1967 a matsayin Candy, shugaban ma'aikatan gandun, daga baya aka kawo wani maraya mai suna Jamie wanda Ben ya ɗauka ɗa. Shirin ya ci gaba da tafiya shekara bakwai.

Mutuwar Blocker ce ta tsage bangon. Ta zo daidai lokacin da tashar ta ɗauke shirin daga daren Lahadi zuwa Talata, masu kallo suka ragu warwas, kuma kafin ƙarshen 1972 aka sanar da dakatar da shi. Wata takwas kacal ya yi bayan rasuwar Hoss.

Gida ya jure rashin mai ilimi, amma bai jure rashin mai haƙuri ba. A yawancin gidajen kasuwanci akwai irin wannan ɗa: ba shi ne ya fi iya lissafi ba, ba shi ke zuwa Legas ko Dubai saro kaya ba, amma shi kaɗai ne kowane ɗaki ke yarda da shi. Ba a cika sanin darajarsa ba sai ranar da babu shi.

Ben Cartwright ya yi shekara 14 bai rubuta wasiyya a gaban masu kallo ba, bai yanka wa kowa gayauna ba, bai kuma tambayi Adam abin da yake so ba. Shi yana da marubutan da ke kare masa gida duk mako. Mai shaguna a Babbar Kasuwa da mai gonaki a hanyar Batagarawa ba su da wannan gata, sai dai abin da suka tsara da hannunsu tun suna da rai.